A Yerimaram Ana Jiran Waya Daga Legas: DAF ko Howo?

Matafiyin da ya taso daga Kano ya biyo ta Wudil da Azare ba ya buƙatar allo ya gaya masa ya iso Potiskum. Tireloli ne ke fara tarbarsa. Wasu sun yi layi a gefen titi, wasu an kifa kawunansu gaba, bakanike ya nutse cikin inji har kafaɗa, wasu kuma an kwance musu tayu an tokare su da kututture. Ko'ina ƙaurin walda ne da warin baƙin mai. In aka yi dace ranar Laraba ce, sai a haɗa da ƙurar kara, wato kasuwar shanu, da hayaniyar dillalai.

Ba abin mamaki ba ne, domin garin mararraba ne. Hanya ta yi gabas zuwa Damaturu, tafiyar kimanin kilomita 100, ta zarce Maiduguri. Wata ta bi ta Kari da Darazo zuwa Bauchi da Jos. Wata ta yi arewa zuwa Gashuwa, wata ta yi kudu ta Fika zuwa jihar Gombe, inda kamfanin simintin Ashaka yake. Ga kasuwar shanu da ake lissafawa cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, ga kasuwar hatsi. Gero, dawa, wake, riɗi da dabbobi suna neman mai kai su kudu. Siminti, fulawa, gishiri, manja, katako da rodi suna neman mai kawo su arewa. Shi ya sa a nan, in saurayi ya yi mafarkin mota, ba ƙaramar mota mai gudu yake gani ba. Kan tirela yake gani, da sunan gidansu rubuce a goshinta.

Unguwar da ta riga kwalta

Yerimaram tana cikin tsofaffin matsugunan Ngizimawa a Potiskum, kuma da sunanta ake kiran ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar, wato Yerimaram da Garin Daye. Potiskum gari ne mai sarauta biyu: masarautar Fika ta Bolewa, wadda ta dawo da fadarta nan a 1924, da masarautar Pataskum, wadda gwamnatin Bukar Abba Ibrahim ta sake kafawa a shekarar 2000. A cikin gidaje za ka ji Ngizimanci da Bolanci da Karekare, amma ciniki da gardama da ba'a duk da Hausa ake yin su.

Da ka bar babban titi ka shiga unguwar, ƙarar manyan motoci sai ta lafa. Katangun ƙasa ne cuɗe da na bulo, akuyoyi a bakin kwata, yara ɗauke da alluna, mata na shanyar wake a tabarma. Keke Napep ne ke kai da kawo, sana'ar da ta kafu tun da aka hana hawa babur a Yobe a zamanin tashin hankali, hanin da ya ɗauki shekara kusan goma. Amma ko a nan cikin lungu, tirela ba ta ɓuya. Ga tsohuwar taya an binne rabinta a ƙofar gida ta zama wurin zama, ga tankin dizal an yanka shi ya zama kwamin dabbobi, ga yara sun ƙera motar langa-langa mai tayoyin silifa, har da bodi a bayanta.

Hotuna biyu, babu farashi

A wata majalisa ta gindin dalbejiya aka yi mini shimfiɗa, aka zubo shayi. Maganar da na tarar ana yi ta wani falken shanu ce, magidanci da bai wuce shekara arba'in da 'yan kai ba. Ya daɗe yana ɗaukar hayar motocin mutane, yana kallon kuɗin mota na cinye masa riba. Yanzu ya sayar da fili, ya rage garke, shi da ƙaninsa sun haɗa hannu, yana son ya mallaki kan tirela nasa na kansa.

Wayarsa ce ke yawo daga hannu zuwa hannu. Hotuna biyu dillalai suka turo masa ta WhatsApp. Ta farko DAF XF 95 ce fara, 'yar Beljiyam, har yanzu da rubutun kamfanin da ya yi aiki da ita a Turai a jikin ƙofa. Ta biyu Howo 371 ce ja, sabuwa dal, ko ledar kujera ba a cire ba. Duk wanda ya karɓi wayar sai ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya duba tayu, ya duba tanki, ya gyaɗa kai. Abu ɗaya ne babu a ƙarƙashin kowane hoto: farashi.

Dillalin DAF ya ce ba zai yanka kuɗi ba sai motar ta fito daga tashar jiragen ruwa ta Tin Can, ya ga abin da Kwastam suka caje shi. Wakilin Howo kuma ya ce tsohon farashi ya daina aiki, sabo na nan tafe. Kullum amsar ɗaya ce: “Alhaji, a ƙara haƙuri zuwa Litinin.”

Wanda bai san harkar ba zai ɗauka jan rai ne irin na dillalai. Akwai wannan, amma ba shi kaɗai ba ne. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata daraja. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Kuɗin fito kuwa da dala ake lissafa shi, kuma a farkon 2024 an yi ta sauya farashin canjin da Kwastam ke aiki da shi, wani lokaci fiye da sau ɗaya a mako. A 2025 aka ɓullo da harajin kashi 4 cikin 100 a kan darajar kayan da aka shigo da su, aka dakatar, aka dawo da shi, aka sake dakatarwa. Tun daga 1 ga Janairun 2017 kuma an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka tsohuwar hanyar Kwatano ba ta fisshe da kowa ba. Lissafin ba wuya: a kan kowace dala 10,000, in canji ya motsa da naira 100, miliyan ɗaya ta tashi ko ta sauka. Kan tirela kuwa maganar gomman miliyoyi ake yi. Dillalin da ya yi gaggawar faɗin farashi yana iya sayar da mota ya kasa sayo wata.

Hujjar masu DAF

Kawun falken tsohon direba ne da ya ajiye tuƙi, wanda ya fara da Marsandi 911 mai bodin katako. Shi ba ya ɓoye inda ya karkata. A wurinsa da tsohuwar zuma ake magani.

Yana da abin kafa hujja. DAF kamfanin Holan ne da ke birnin Eindhoven, wanda kamfanin PACCAR na Amurka ya saya a 1996. XF 95 tana ɗauke da inji mai lita 12.6, ƙarfin doki 430 a irin wadda aka fi kawowa nan. Masu ita suna yabon ta da abu uku: ba ta shan mai kamar kishiyarta, injinta na jure doguwar tafiya, kuma ɗakin direba na da faɗi da gado mai kyau, abin da ba a raina shi ga mutumin da zai yi fiye da kilomita 1,000 kafin ya ga Legas. Sannan in ta tsufa a hannunka, ka kai ta kasuwa za ka ga kuɗi. Kayan gyaranta na hannu kuma ana samu a Ladipo ta Legas da Ƙofar Ruwa ta Kano.

Amma ko kawun bai musa aibinta ba. An daina ƙera XF 95 tun wajen 2006, don haka duk wadda za a kawo maka ta riga ta ci ƙuruciyarta a titunan Turai, kuma abin da agogon kilomita ya nuna ba rantsuwa ba ne. Yawancinsu masu taya shida ne, an yi su don shimfiɗaɗɗiyar kwalta da lodi mai ƙa'ida. Wadda ta gaje ta, XF 105, ta fi ƙarfi da kyau, sai dai cike take da na'urori, ga ruwan AdBlue da ake zuba mata don tace hayaƙi. Gurɓataccen dizal na bakin hanya kaɗan ya ishe ta ta kunna fitila ta ƙi ja.

Hujjar masu Howo

Ƙanin falken, wanda kuɗinsa ke ciki, shi Howo yake so. Hujjarsa ta farko ita ce sabuwa sabuwa ce: ba ka gaji ciwon kowa ba, kuma akwai takardar garanti. Kamfanin Sinotruk na birnin Jinan a ƙasar Sin ne ke ƙera ta, tun 2017 kuma ya haɗa gwiwa da Ɗangote ana harhaɗa ta a Ikeja. Yawan motocin simintin Ɗangote a kan hanya ya sa kayan gyaranta sababbi sun cika kasuwa, kuma da sauƙin kuɗi. Taya goma gare ta, gatari biyu na baya duk suna ja, ga sifirin mai kauri. A hanyar da damina ta cinye, ko a filin lodi mai yashi, nan take nuna kanta.

Injinta, WD615 mai lita 9.7, ba baƙo ba ne ga tsofaffin bakanikan wannan yanki. Tushensa fasahar kamfanin Steyr ce na Ostiriya, wadda Sin ta saya a shekarun 1980. Steyr ɗin nan kuwa ita ce ta kafa masana'antar harhaɗa manyan motoci da taraktoci a Bauchi a ƙarshen shekarun 1970. Kenan jikar motar da aka taɓa haɗawa a maƙwabta ce ta zagayo ta Sin ta dawo.

Masu sukar ta suna cewa tana shan mai, tana saurin sakin jiki, ƙananan abubuwa irin su mariƙin ƙofa da wayoyi da robobi ba sa daɗewa, kuma ranar da ka fitar da ita daga kamfani darajarta ta fara zubewa. Kawun ya taƙaita da cewa araha ba ta ado. Ƙanin ya amsa cikin ladabi: “Kawu, ai yanzu ko arahar babu, sai dai a zaɓi wadda za ta dawo da kuɗi da wuri.” Aka yi dariya, aka ƙara shayi.

Abin da bakanike ya nuna mini

Washegari aka raka ni garejin da falken ke kai motocin da yake haya in sun sami matsala. Rumfar kwano ce, ƙasarta ta yi baƙi ƙirin da mai. A kan buhu an baje famfon man Howo, yaro na wanke nozul da fetur a cikin gwangwani, maigidansa na ɗaga kowanne yana hura shi yana dubawa a hasken rana. Babu abin da ke cikin famfon nan da hannu da sifana ba za su iya ba. In ya lalace da safe, kafin la'asar an tayar da mota.

A gefe guda kuma wata DAF ce ta sabon yayi, tsaf da ita, ko ƙwarzane babu, amma ƙura ta rufe gilashinta. Ƙwaƙwalwarta ce ta rikice. Ana jiran mai kwamfuta ya zo daga Kano ya jona ya karanta abin da ke damun ta. Direbanta na kwance a inuwarta a kan tabarma, yaron mota na dafa taliya a risho.

Bakaniken bai zaɓar wa kowa ba. Abin da ya ce shi ne a riƙa tambayar wuri kafin a tambayi mota: ina za ta lalace? In a Potiskum ne ko Kano, kowacce ka saya za a yi maganinta. In a dajin da ke tsakanin Mokwa da Jebba ne, ƙarfe biyun dare, da shanu a baya, to wadda bakanike na bakin hanya ya sani ita ce mota.

A bakin kara

Sai ka je kara ranar Laraba za ka gane abin da ya sa maganar ta yi zafi haka. Kasuwar da ta sha wuta a harin 2 ga Mayun 2012 ta farfaɗo. Tirela na ja da baya ta manna bodinta da tudun lodi. An riga an zuba yashi da ƙaiƙayi a ƙasan bodin don kada kofato ya zame. Matasa na jan sa da igiya, wani na murɗa masa wutsiya, wani na tsaye a saman ƙarfe yana ɗaure ƙaho. Ana jera su kai da gindi, talatin ko fiye gwargwadon girmansu. Sannan 'yan rakiya su hau sama su zauna a kan katako, aikinsu shi ne duk wanda ya faɗi su tashe shi kafin 'yan'uwansa su tattake shi.

Daga wannan lokaci agogo ya fara aiki. Siminti zai iya kwana uku a hanya bai canza ba, amma sa kullum ramewa yake, wani ya karye, wani sai an yanka shi a bakin titi an sayar a wulaƙance. Ko Agege aka nufa, ko Akinyele ta Ibadan, ko Lokpanta ta jihar Abiya, lalacewar mota ta yini ɗaya na iya cinye ribar tafiyar duka. Ga Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, gangaren da ya ci motoci da rayuka ba adadi. A can, in ji kawun, ba a tambayar sunan kamfani. Direban da ya san ya sa ƙaramar giya tun daga sama, ya bar inji ya riƙe mota, shi ne ke sauka lafiya. Wanda ya dogara da taka birki har ya yi zafi, ko me yake tuƙawa sai Allah ya kiyaye.

Ga kuma dizal, wanda shi ne babban abin da ke cin kuɗin tafiya. Litar da ake saya wajen naira 300 a farkon 2022 ta kai 800 a cikin shekarar, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, ta kuma wuce 1,500 a farkon 2024 kafin matatar Ɗangote ta fara sayar da nata. Motar da ke shan ɗaruruwan litoci a zuwa ɗaya, bambancin shan mai kaɗan tsakaninta da wata yana zama miliyoyi a shekara. Wannan ne ƙarfin hujjar masu DAF, kamar yadda saurin gyara yake ƙarfin hujjar masu Howo.

Jira ma kuɗi ne

Abin da na lura majalisar ba ta cika tsayawa a kansa ba shi ne tsadar jiran kansa. Kuɗin falken naira ne, suna ajiye, kuma a shekarar 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100. Kowace Laraba yana biyan wani kuɗin mota. In kaka ta wuce, ko Babbar Sallah ta zo ta tafi motarsa ba ta hau hanya ba, ya rasa lokacin da lodi ke neman mota. Duk da haka ba za a ce ya yi wauta ba: a watan Afrilun 2024 dala ta sauko zuwa wajen naira 1,100, wanda ya saya a Fabrairu ya ciji yatsa, sannan cikin 'yan makonni ta sake hawa, wanda ya ƙi saya a Afrilu shi ma ya ciji nasa. Ba wanda ya isa ya ce ga ranar da ta dace.

Rance ma ba mafita ba ce mai sauƙi. Yawancin masu motocin nan suna gudun kuɗin ruwa, kuma ko ba don addini ba, ruwan da bankuna ke ɗorawa ya fi ƙarfin abin da tirela ɗaya za ta kawo. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna saya su sayar wa mutum da riba ya biya a hankali, sai dai su ma sai an san farashi kafin a rubuta takarda. Shi ya sa har yau haɗin gwiwar 'yan'uwa da amanar maigida da yaronsa su ne jarin wannan sana'a.

Kafin in bar garin, falken ya yanke shawarar da ta fi zaɓen mota muhimmanci. Ya rubuta iyakar abin da zai iya biya, bayan ya ware kuɗin bodi da tayu da takardu da man tafiyar farko. Ya kuma sa wa kansa wa'adi: duk wadda farashinta ya shigo cikin wannan iyaka kafin lokacin, ita ce rabonsa. In DAF ce, ba zai biya ba sai bakanikensa ya je Legas ya ji kukan injin da kunnensa. In babu wadda ta shigo, zai mai da kuɗin cikin shanu, kada ya zauna jiran gawon shanu naira na narkewa.

Ga mahukunta da mai niyyar saye

Gari irin wannan bai kamata a ce mota na kwana da kwanaki tana jiran mai kwamfuta daga wata jiha ba. Gwamnatin Mai Mala Buni ta ɗauko aikin gina wa tireloli filin ajiya a Potiskum, kuma abin a yaba ne, amma fili ba ya gyara inji. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a cikin garin. Da za a haɗa kai da ita da ƙungiyoyin masu motoci da direbobi, NARTO da NURTW, a buɗe gajerun kwasa-kwasai na gyaran motoci masu na'ura, da yaran garejin nan sun ci gajiya, domin sababbin motocin Sin ɗin ma can suka nufa, ga kuma masu aiki da iskar gas sun fara shigowa.

Kai kuma mai karatu da ke riƙe da hotuna biyu a waya kana jiran kira, farashin ba a hannunka yake ba, ba kuma a hannun dillali kaɗai ba. Abin da ke hannunka shi ne ka san hanyar da motar za ta bi, kayan da za ta ɗauka, bakaniken da zai taɓa ta, da direban da za ka damƙa wa makulli. Ka tsayar da waɗannan huɗu, ka sa wa kuɗinka iyaka, ka sa wa jiranka rana. Allah Ya ba da sa'a, Ya kuma tsare hanya.